Shekarar da Aka Hana Mu Karɓar Tukwici

Ku samarin da kuke zama a bakin ofishin ƙungiya kuna kallona ina ɗaure kwanduna a bayan babur, na ji abin da kuke cewa. Wai aikin Sale ai ba aiki ba ne, yawon shan iska ne. A ɗora maka tumatir, ka kai wa tsofaffi, su sa maka albarka, ka dawo gida. To madalla. Tunda na ji biyu daga cikinku sun kai takarda suna so a ɗauke su, bari in gaya muku abin da ke cikin kwandon kafin ku ɗauka.

A Kazaure aka haife ni, boko kuma a aji huɗu muka rabu da shi, ba wanda ya yi kewar wani. Na yi ban-ruwa a lambun mutane a bakin dam, na yi dakon kayan gwari, na yi acaba har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da 'yan asalin yankin nan masu aiki a birane suka kafa ƙungiyar kai wa tsofaffi abinci, wato tsofaffin da ba su da mai yi musu noma ko cefane, sai aka nemi mai babur wanda ya san tumatir kuma ya san hanya. Ni aka fara ɗauka, daga baya aka ƙaro mutum biyu. Kowane tsoho yana da rabonsa duk mako: ɗan gero ko dawa, ɗan wake, kayan miya ɗanye, da ganye. Litinin ina ɓangaren Babura, Laraba Gwiwa, Alhamis ƙauyukan Roni.

Kayan aikin ba su da yawa, amma wanda ya raina su zai yi kuka a hanya. Akwai kwanduna, na kaba, ba na roba ba, don roba dafa tumatir take yi a rana. Akwai igiyar da ake yankowa daga tsohon tif na mota, ita ce take riƙe kaya ba ta yanka kwando. Akwai buhun algarara da ake jiƙawa a naɗe alayyahu da yakuwa. Sai wuƙa, sai kwanon awo. Shi ke nan. Sauran aikin a wajen jeri yake. Hatsi a ƙasa, albasa da dankali a kansa, sai kabewa, sai tattasai da attaruhu, tumatir a can sama kamar mai sarauta, ganye a gefen da rana ba ta duka. Ka juya wannan jeri, ka bi hanyar duwatsun Roni, to ba kayan miya za ka kai ba, miyar ce da kanta, kuma a wandonka za ta sauka.

Wajen Baba Ɗanlami na koyi wannan, wani dillalin kayan gwari da na yi wa dako ina saurayi, Allah ya jiƙansa. Ranar da na fara, ya nuna mini tulin tumatir ya ce in zuba a kwando in kai tasha a ka. Na zuba yadda na ga dama, nunannu a ƙasa, masu tauri a sama. Kafin in isa, ruwan tumatir ya bi wuyana ya gangara har cibiya. Da na dawo bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Zauna nan a rana, Sale, kada ka wanke." Na zauna har ƙudajen kasuwa kaf suka zo suka gaishe ni. Da la'asar ya ce, "Gobe wanne za ka sa a ƙasa?" Tun ranar ban sake kuskure ba. Shi ya koya mini cewa tumatirin da zai yi nisa ana tsinkarsa ne yana ja-ja bai gama nuna ba, kuma albasa da hanci ake sayenta, ba da ido ba.

Bayan kaya, sai ka san bakin da zai ci kayan. Wannan ba ya cikin takardar ofis. Takarda suna take rubutawa da shekaru, ba ta rubuta haƙori. Akwai shekarar da tsutsa ta cinye tumatir a lambuna, 'yan kwamiti suka ce a musanya da karas da kabeji da kokwamba, wai sun fi gina jiki. Na kai wa wani tsoho a Kanya Babba, Baba Audu. Ya ɗauki karas ɗaya ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a ƙafar kujera, ya ce, "Sale, wannan turke ne ko abinci?" Na ce, "Baba, likitoci sun ce yana ƙara gani." Ya ce, "Ina ganinsa sarai, taunarsa ce ba na iyawa. Haƙorina ɗaya ya rage, kuma naman Sallah nake ajiye wa shi." A shekarar nan awakin tsofaffi suka yi ƙiba, har gashinsu na sheƙi.

Amma ba ita ce shekarar da ta fi ba ni wahala ba. Wadda ta fi ita ce shekarar da aka hana mu karɓar tukwici.

Ku 'yan zamani wataƙila kun ɗauka tukwici kwaɗayin ɗan aike ne. A wajen tsoho ba haka ba ne. Idan aka aiko masa da abu ya ba ɗan aike tukwici, to kyauta ce ta shiga tsakanin mutum da mutum, shi ma ya yi nasa. Idan ya karɓa hannu biyu bai ba da komai ba, a ganinsa ya zama wanda ake jefa wa sadaka. Don haka duk gidan da na sauke kwando sai an laluba an ba ni wani abu. Wannan ɓarin goro, wannan dabino biyu, waccan ƙullin daddawa, wani ɗan kuka a leda. Ni kuma ba gida nake kaiwa ba. Na wannan gida in jefa a kwandon gidan gaba, goron Babura ya ƙare a bakin tsohon Gwiwa, kowa ya fita kunya, ba wanda ya yi asara.

Sai aka kawo ƙara cewa ɗaya daga cikin sababbin masu babur yana tsayawa yana zaɓen tukwici da bakinsa, har ya taɓa nuna ɗan akuya. Aka kore shi, kuma daidai ne. Amma sai sabon sakatarenmu, Malam Nura, ya kafa doka a kan kowa. Yaro ne mai hankali, jikan wani tsohon dagaci ne na ƙasar Roni, sai dai a birni ya tashi, kuma ya yarda da takarda fiye da yadda na yarda da birkin babur ɗina. Ya tara mu ya karanta: daga yau duk wanda ya karɓi wani abu a hannun tsoho, ko ƙwayar gyaɗa ce, ya ajiye kwando ya tafi gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gidajen da wannan doka ba za ta shiga ba."

Ya ce, "Malam Sale, ka yi musu bayani, za su fahimta."

Na dangwala hannu a takardar. Me zan ce?

Yawancin tsofaffin sun yi ƙorafi, sun karɓa suna ƙunƙuni. Mutum ɗaya ce ta tsaya, Goggo Dije. Bafulatana ce tsohuwa, tana zaune ita kaɗai a wata bukka bayan duwatsu, an wuce Roni da ɗan tafiya. Shanun gidansu sun ƙare tuntuni, 'ya'yanta maza sun yi kudu da kiwon shanun wasu, sai shekara ta zagayo ba a ji duriyarsu ba. Duk dukiyarta kaza ɗaya ce, wake-wake, mai faɗa. Kullum na je, ƙwai ɗaya ko biyu ne tukwicina, a kan faifai take miƙo mini, da hannu biyu, kamar tana miƙa wa hakimi ƙwaryar nono.

Alhamis ta farko bayan doka na sauke kwando, muka gaisa, ta shiga ta fito da faifai. Na ce, "Goggo, a yi haƙuri, an hana mu."

Ta ce, "Wa ya hana?"

"Ofis."

"Ofis ɗan gidan wa?"

Na yi mata bayani, kamar yadda aka ce in yi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ajiye faifai, ta sunkuya, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka cike, ta ciccibi kwandon nan ta dire mini a kan babur. Ta ce, "Ka gaida Ofis. Ka ce masa Dije ba ta fara bara ba tukuna. In ta fara, ta san hanyar kasuwa."

Alhamis ta biyu na yi dabara. Na kashe babur tun daga nesa, na turo shi a hankali, na ajiye kwando a ƙofar bukka, na yi sallama da ƙarfi, na buga babur na gudu kamar ɓarawo. Na dawo ina jin na yi wayo. Ranar Asabar sai ga wani direban motar haya a ƙofar ofis, yana toshe hanci, da kwando a hannu. Ashe Goggo ta ɗora shi a ka ta taka har bakin titi ta ba shi saƙo. Ya manta da shi a but ɗin mota kwana biyu. Abin da ke ciki ba ya da suna kuma. Direban ya ce, "Tsohuwar ta ce a gaya wa mai babur ya yar da kayansa a ƙofarta."

Alhamis ta uku ban ma sauke kwandon ba. Na tarar da ita tana dama wani abu a ƙoƙo, ruwa ne da ɗan garin kuka, ko gishiri ban ga alama ba. Wuyanta ya zama kamar na zabuwa. Wata maƙwabciyarta da ke can gaba ta tare ni a hanya ta ce ta kai mata tuwo sau biyu, sau biyun Goggo tana ba ta ƙwai, har ta ji nauyin sake kaiwa. Ga kwando cike a bayana, ga tsohuwa tana shan ruwan kuka, tsakaninsu taku biyar, kuma ƙwai ɗaya ne ya hana.

Na koma ofis ban ko wanke ƙafa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, dokarka tana aiki. Mako uku ke nan ban ci ƙwan kowa ba, ita ma mako uku ba ta ci tuwo ba. In so ake mu mutu da gaskiya, ita za ta riga mu."

Ya ce, "Ba ka iya bayani ba ne. Gobe ni zan je da kaina."

Washegari ya fito cikin farar shadda, ta sha guga, da takardar doka a jaka. Na ce ya sauya kaya. Ya ce daga can masallacin Juma'a zai wuce. Na matsa da kwando gaba, ya hau baya, muka kama hanya.

Goggo tana zaune a inuwar bukka. Malam Nura ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, wannan kam an koya masa. Ta ƙanƙance ido ta dube shi, ta ce, "Wannan goshin na san shi. Kai jinin Dagaci ne?"

Ya ce, "Jikansa ne, Goggo."

Ta tafa hannu. "Ashe mijina ne ya zo! Sai yau ka tuna kana da mata a daji? Dube shi, ya sha shadda, ni ko zanen kirki bai saya mini ba. Kai ne Ofis ɗin?"

Ya yi dariyar dole, ya buɗe jaka ya fara. Ya yi maganar amana, ya yi maganar masu ba da taimako, ya ce abincin nan haƙƙinta ne, ba sai ta biya ba. Wallahi ya iya bayani, ni kaina na kusa fahimta. Ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Kakanka, duk ranar da na aika masa da man shanu, sai ya ba yarinyar da ta kai turmin atamfa ko kwabbai. Ranar da ya aiko mana da buhun dawa a shekarar yunwa, maigidana ya ba ɗan aikensa ɗan maraƙi. Bai mayar ba. Bai ce an hana shi ba. Kai ka fi shi sanin mutunci ne?"

Malam Nura ya mayar da takardar cikin jaka.

Ta ce, "To tunda babba ne ya tako da ƙafarsa, ƙwai ya yi kaɗan. Sale, tare mini can. Kai kuma maigida, tsaya ta bayan akurki, ka buɗe hannu."

Kafin ya gane abin da ake ciki, mun shiga farautar kaza. Kazar nan ta san duniya. Ta bi ta ƙarƙashin babur, ta haye rufin bukka, ta diro a kafaɗar sakatare, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Goggo na daga zaune tana ba da umarni, "Hagu! Hagunka, ba nawa ba! Wai da wannan hannun kake riƙe ofis?" A ƙarshe shi ya kama ta, ya faɗa kanta da shaddarsa gaba ɗaya. Goggo ta ɗaure ƙafafun da tsumma, ta ɗora a faifai, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya dube ni. Na dubi duwatsu. Ni na dangwala hannu a takarda, ba ruwana.

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode, Goggo, Allah ya ƙara girma." Ita kuma ta ce, "Sale, shigar mini da kwandon ciki, ka yi a hankali da tumatirina."

Muka hau babur, yana rungume da kaza. Ba mu yi nisa ba ta yi masa abin da kaza ke yi a cinya. Da muka zo wajen wata tsamiya ya ce in tsaya. Ya sauka yana riƙe da ita nesa da jiki, ya ce, "Malam Sale, yanzu ya zan yi? In na shiga Kazaure da kaza a hannu, ni da na rubuta dokar, da wane ido zan dubi shugaban ƙungiya? Kuma ita ke nan gare ta. Mun kai mata tumatir mun ƙwace mata kaza."

Na ce, "Ka yi wa kazar bayani, za ta fahimta."

Ya ce, "Don Allah bar wasa."

Na ce, "To mayarwa dai ba ta yiwuwa, in ka mayar da ita, kwandon zai riga mu isa ofis. Amma kaza taka ce yanzu. Mai dabba kuwa yana da ikon ba da kiwo ga wanda ya ga dama. Kai a bene kake haya, ina za ka sa ta? Ka nemi mai kiwo."

Ya hau babur ya ce, "Juya."

Mun tarar har ta hura wuta, ƙamshin albasa ya tare mu tun daga nesa. Da ta ga kaza sai fuskarta ta ɗaure. Malam Nura ya yi sauri ya durƙusa ya ce, "Goggo, ba mayarwa na zo yi ba. Alfarma na zo nema. Ba ni da wurin ajiye kazata, kuma ban san wanda ya iya kiwo kamarki ba. Ki taimaka ki riƙe mini."

Ta dube shi, ta dubi kazar kamar yau ta fara ganinta. Ta ce, "Wannan? Ba ta da kyan iri. Ga faɗa. Wanda ya ba ka bai so ka da yawa ba." Ta ɗan ja lokaci tana juya miya. "To, don kakanka zan riƙe. Amma da sharaɗi. Kazar babban mutum ba za ta yi ta tonon ƙasa kamar ta talaka ba, a zage ni a ce na bar ta da yunwa. Duk mako a haɗo da geronta. Ƙwai kuma raba shi za mu yi, naka Sale zai riƙa kai maka, kada ka ce na ci amana."

Haka aka yi. Malam Nura ya riƙa auno kwano guda na gero daga gidansa yana ƙarawa a kwandonta. Ni kuma duk Alhamis in karɓi ƙwai a kan faifai, da hannu biyu, in kawo masa ofis. Da shugaba ya tambaya, ya ce ƙwan kazarsa ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ba a daɗe ba aka gyara dokar, aka ce abin da tsoho ya bayar da kansa a karɓa a sanar da ofis, wanda ya roƙa da baki a kore shi. Sai dai kafin a gyara labari ya riga ya zaga. Tsofaffi uku suka ce su ma sai sakatare ya zo da kansa. Yau Malam Nura yana da agwagwa a Gwiwa, da tattabaru biyu a wajen Babura, da wani zakara gurgu a hanyar 'Yankwashi, duk a hannun masu kiwo, duk da sharaɗin hatsi, kuma ko romon ɗaya bai taɓa sha ba.

Makon jiya na je wajen Goggo. Kazar tana kwance a inuwa, ta yi ƙibar da ko kare ya biyo ta sai dai su yi sulhu. Ita kanta Goggo kumatu sun fito, har tana yi mini faɗa wai kuɓewar da na kawo ta tsufa. Da zan tafi na ce, "Akwai saƙo wajen maigidan?"

Ta ce, "Ka ce masa kazarsa ta rame. A ƙaro gero."

Na dubi kazar, na dubi Goggo. Na zo na gaya masa yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba. Ya ɗauko kwano ya ƙara.